Hunturu ya kankama, fata na tsagewa duk da man da muke shafawa: ina matsalar take?

Maman Khairat (Kano):

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka mini da shawara. Tun da hunturu ya kankama jikin kowa a gidan nan ya yi furu-furu. Ni ƙwaurina ya fi tsanani, fatar ta yi saɓa tana tashi, da dare kuma ƙaiƙayi ba ya bari in runtsa. Dunduniyata ta yi faso, wani wurin har da jini, leɓena ma ya tsattsage.

Ba wai ba na shafa mai ba ne. Safe da yamma nake wanka da ruwa mai zafi sosai saboda sanyi, da soso da sabulun nan mai kashe ƙwayoyin cuta, in goge jikina tas da tawul, in zo ɗaki in gama shirya yara, sannan in shafa loshan. Kafin azahar sai ka rantse ban taɓa mai ba.

Abu biyu ne suka fi damuna. 'Yata mai wata huɗu kumatunta sun yi ja sun yi kaushi, tana ta goga fuska a jikina. Sai surukata da ke zaune tare da mu, ta haura shekara 65, tana da ciwon suga, ƙafarta ta yi faso mai zurfi, ita kuma reza take sawa tana kankare kaushin. Wata maƙwabciya ta ce in sayi man tub ɗin nan na kemis da ake ce wa mai haɗin uku, in matse a cikin man shafawarmu, wai kwana biyu komai zai kwanta. Kafin in yi na ce bari in tambaya. Me ya kamata mu canza, kuma wane mai ne ya dace da kowannenmu? Allah ya saka da alheri.

Dakta Abu Amir (Zariya):

Wa alaikumus salam, Maman Khairat. Daga abin da kika lissafo, matsalar tana cikin wankan da kuma lokacin da kike shafa man, ba a rashin shafawa take ba.

Saman fatarmu wani siririn rufi ne, a yawancin jiki bai ma kai kaurin takarda ba. Gininsa irin na katangar tubali ne: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalin, wani kitse da jiki ke yi da kansa shi ne lakar da ke riƙe su. Wannan kitsen ne ke hana ruwan jiki ficewa. A tsakiyar damina danshin iskar Kano kan haura kashi 70 cikin 100. A Janairu da Fabrairu kuwa, da iska ta taso daga arewa maso gabas ta ratso hamada, danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Irin wannan iska ruwa take zuƙa daga duk abin da ta taɓa. Idan kitsen nan yana nan daram, fata za ta jure. Idan an wanke shi, ruwa ya samu ƙofa.

To, dubi abin da ke faruwa a banɗakinki. Ruwa mai zafi sosai yana narkar da kitsen. Sabulu ya zo ya kwashe shi, kuma shi sabulun gama-gari yana da kaifin kanwa, a ma'aunin tsami da kanwa (pH) yana kan 9 zuwa 10, alhali fata ɗan tsami-tsami take so, wajen 5. Soso ya kankare abin da ya rage. Tawul ya tsane ɗan ruwan da fatar ta sha. Sai ki yi minti ashirin kina shirya yara, iska na aikinta a kan fata marar kariya. Lokacin da loshan ya iso, babu sauran ruwan da zai tsare. Abin da mutane da yawa ba su gane ba ke nan: mai ba ya kawo wa fata ruwa, tsare wanda ke ciki yake yi. Wanda ya shafa shi a busasshiyar fata sheƙi kawai ya samu.

Ki mayar da wankan sabulu sau ɗaya a rana. In akwai buƙatar wani wankan, ruwa zalla ya wadatar. Ki sirka ruwan ya zama mai ɗumi, wanda za ki iya tsoma gwiwar hannu ki bar ta a ciki ba tare da kin janye ba. Minti biyar zuwa goma ya isa. Sabulu a hammata, matsematsi, ƙarƙashin nono da tafin ƙafa, wuraren da gumi ke taruwa. Ƙwauri da damtse da baya ba sa buƙatar sabulu kullum a wannan yanayi, shi kuma ƙwauri dama can ba shi da yawan jijiyoyin maiƙo, shi ya sa ya fi ko'ina bushewa. Ki ajiye sabulun kashe ƙwayoyin cuta, ki daina ɗiga ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokitin wanka idan kina yi, ki nemi sabulu mai laushi marar turare, irin na jarirai ma ya yi. Soso kuma ki huta da shi har fatar ta warke, tafin hannu ya isa.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ki shiga banɗaki da man shafawarki. Da kin gama, ki dangwala tawul a jiki, kada ki goga, ki bar fatar da ɗan danshi, ki shafa man nan take kafin minti uku su wuce. Ki riƙa shafawa daga sama zuwa ƙasa yadda gashi ya kwanta, domin murzawa sama da ƙasa da mai mai kauri na toshe bakin gashi ya kawo ƙananan ƙuraje.

Batun loshan: ki kifa kwalbar. Duk loshan da ya tsiyayo da kansa, rinjayensa ruwa ne, iskar hunturu za ta ɗauke shi da wuri. Yanzu lokacin mai kauri ne, wanda sai an sa yatsa an ɗebo, wato farin basilin marar turare, ko man kaɗanya, ko kirim mai kauri na gwangwani. Basilin shi kaɗai yana rage ficewar ruwa daga fata da fiye da kashi 90, babu man da ya kai shi a wannan fannin, kuma shi ne mafi araha. In kina son loshan ɗinki, ki fara shafa shi a jiƙaƙƙiyar fata, sannan ki bi da basilin sama-sama ya rufe.

Yawan da ake shafawa ma ana ƙwauro a kai. Babban mutum daga wuya zuwa ƙafa yana cin giram 20 zuwa 30 a shafa ɗaya, kusan cokali biyu na cin abinci. Sau biyu a rana, bayan wanka da kafin kwanciya. Da dare ba sai kin yi wanka ba, ki jiƙa hannu ki shafe ƙwaurin da ruwa, ki bi da mai.

Ƙaiƙayin daren kuma, susa ce ke ƙara shi, don tana ƙara yage rufin fatar. Ki yanke farce. In ya taso, ki ɗora tsumma mai ɗan sanyi na minti biyar, ki ɗauke, ki shafa mai. Ki sa kayan auduga a jikin fata, rigar sanyi ta biyo a sama, kada ulu ya taɓa fata kai tsaye. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga sauyi in sha Allah, amma kada ki saki, fata na ɗaukar kusan mako huɗu kafin ta sabunta kanta.

Man tub ɗin maƙwabciyarki kada ki saya.

Hajiya Mai Kaɗanya (Bida):

Sannu 'yata, Allah ya ba ku lafiya. Dakta ya gama magana a kan wanka. Ni dai zan ƙara a kan man kaɗanya, don basilin yana rufewa ne kawai, shi kuwa man kaɗe yana rufewa kuma yana tausasa fata, kaushi ya kwanta. Amma sai an samu mai kyau.

In za ki saya, ki ɗan ɗebo ki murza a bayan hannu. Mai kyau yana narkewa da ɗumin jiki ya shige, ba ya barin tsakuwa ko dusa. Launinsa fari ne mai ɗan duhu ko ruwan madara. Wanda ya yi rawaya shar an sa masa wani abu ne, wani saiwa, wani kuma manja. Ki shinshina: ƙamshin ƙwara da ɗan hayaƙi shi ne daidai. In kika ji yana ƙarnin tsohon mai ko tsami, ya lalace, zai ƙara miki ƙaiƙayi ne.

A sanyi yana daskarewa ya yi tauri, shi ya sa wasu ke guje masa. Ga yadda ake sarrafa shi. Ki zuba cokali huɗu na man kaɗe a ƙaramin kwano, ki ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta. Kada ki ɗora man a wuta kai tsaye, ƙonewa yake yi ya yi wari. Da ya narke ki tace da farin ƙyalle mai tsabta, ki zuba cokali ɗaya na man kwakwa, ki juya. Sai ki sa kwanon cikin ruwan sanyi kina juyawa har ya kama jikinsa. Idan aka bar shi ya huce a hankali shi ne yake yin gudaji-gudaji. Bai lalace ba, sake narkarwa za a yi a sanyaya shi da sauri. Ki zuba a gwangwani mai murfi, nesa da rana, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali, don ruwa in ya shiga shi ke kawo fumfuna. Shi ma man kwakwa in kika ga ya daskare ya yi fari a wannan lokaci, ɗabi'arsa ce in sanyi ya sauka, ba jabu ba ne.

Gilisarin ma yana da amfani sosai, shi jawo ruwa yake yi ya riƙe. Kuskuren da ake yi shi ne shafa shi zalla. Zai yi danƙo, ƙura ta manne, wuri mai tsagewa ya yi raɗaɗi. Cokali ɗaya na gilisarin, cokali huɗu na ruwan da aka tafasa ya huce, a girgiza a ƙaramar kwalba. A shafa bayan wanka, sannan a bi da man kaɗe ko basilin. Kada a bar shi shi kaɗai ba rufi. Kuma a haɗa kaɗan, na kwana uku ko huɗu, don duk haɗin da ruwa ya shiga ba ya daɗewa.

A fuska a yi hattara. Mai yawan ƙurajen fuska kada ta sa man kwakwa, toshe ƙofofin fata yake yi. Man kaɗe ɗan mitsitsi a kumatu da gefen baki ya isa.

Sai abubuwan gyaran jiki da nake roƙon mata su ɗaga musu ƙafa har sanyi ya wuce. Sabulun salo da toka ake yin sa, yana da ƙarfi, yana wanke datti da maiƙo baki ɗaya. Mai maiƙon fata zai ji daɗinsa da zafi, amma a fatar da ta riga ta tsage ƙara bushewa yake yi, balle in an haɗa shi da lemun tsami. Dilka da halawa su ma murza da tsige ne, ba a yin su a fatar da ke saɓa. Amaryar da bikinta ya faɗo a hunturu ta fara da mako biyu na shafa mai a jiƙaƙƙen jiki, in fata ta kwanta sannan a yi dilka sau ɗaya a hankali. Turare da humra kuma a sa a tufafi, kada a fesa a fata.

Malam Famasis (Katsina):

Hajiya Maman Khairat, bari in faɗa miki abin da ke cikin man nan mai haɗin uku, don ki samu abin da za ki gaya wa maƙwabciyar taki. Magani uku ne a tub ɗaya: na kashe naman gwari, na kashe ƙwayoyin bakteriya, da wani mai ƙarfi na kwantar da kumburi da ake kira sitiroyid. Ki duba kwalin, in kika ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, to shi ne. Gaskiya ne yana kwantar da ƙaiƙayi da ja cikin kwana biyu, shi ya sa ake yabonsa. Amma bushewar fata ba ƙwayar cuta ba ce, magani biyu daga cikin ukun ba su da aikin yi a nan. Na ukun kuma in aka daɗe ana shafawa yana sirantar da fata, jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi ta bayyana, fata ta yi haske dabbare-dabbare, makero ya bazu ya ɓad da kama. Ran da aka daina sai ja da ƙaiƙayi su dawo fiye da da, mutum ya koma ya sake saye. Ga jariri abin ya fi muni, don fatarsa siririya ce, maganin na shiga jini ya taɓa girmansa da garkuwar jikinsa. Kada ya kusanci 'yar nan ko kaɗan. Haka duk man bilicin, galibinsu da irin wannan haɗin ake yin su, masu shafa su ne suka fi kowa wahala a hunturu.

In wani wuri a jikinki ya yi ja ya kumbura, mai kaɗai bai kwantar da shi ba bayan mako biyu, akwai sitiroyid mai sauƙi, hydrocortisone kashi 1, siririn shafi a wurin kawai, bai wuce kwana bakwai ba. Ba a zuba shi cikin man shafawa.

Faso kuma ga maganinsa. Ki nemi kirim mai yuriya, na kemis nake nufi, ba takin gona ba. Kashi 5 zuwa 10 na jiki ne, kashi 20 zuwa 25 na dunduniya. Yuriya na jawo ruwa kuma tana narkar da mataccen kaushi. Da dare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, ba gishiri ba sabulun wanki. Ki goga dutsen goge ƙafa a hankali a gefen kaushin, sau biyu a mako ya isa, kada ki bi ta kan tsagar. Ki tsane, ki shafa kirim ɗin, ki bi da basilin mai kauri, ki sa safar auduga ki kwana da ita. Wurin da ya yi jini kada yuriya ta shiga, raɗaɗi za ta yi. Shi a wanke, a cika shi da basilin, a manne da filasta har bakinsa ya haɗe. Da rana ki bar silifas, ki sa takalmi mai rufin dunduniya. Silifas na barin dunduniya ta baje a kowane taku, ƙura ta shiga, tsagar ta ƙara buɗewa.

Wannan tsarin naki ne, ba na surukarki ba. Ita nata daban ne, kuma ina roƙonki ki ɗauke shi da gaske. Ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, yana rage gumi, yana rage gudun jini. Za ta iya yanke kanta da reza ba ta ji ba, ƙwayar cuta ta shiga, ciwon ya ƙi warkewa. Yanke ƙafar masu suga da yawa daga irin wannan ƙaramin rauni yake farawa. A karɓe rezar yau, cikin ladabi, a yi mata bayani. Kada ta jiƙa ƙafa a ruwa ta daɗe, kada ta gasa ƙafa a garwashi, kada ta taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida. Wani ya riƙa gwada mata zafin ruwa da gwiwar hannu. A shafa mata mai a sama da tafin ƙafa safe da dare, amma ban da tsakanin yatsu, can bushewa ake so. Kullum wani mai ido ya duba ƙafar a wuri mai haske. Tunda kin ce fason ya yi zurfi, ku kai ta asibitin da take karɓar maganin suga cikin makon nan a duba, su za su rage kaushin da kayan aikinsu. In kuwa kun ga ja, kumburi, zafi, ruwa, wari ko baƙi, ranar za a tafi, ba a kwana.

Leɓe ba shi da jijiyoyin maiƙo, lasa kuma ƙara busar da shi take yi. Basilin zalla, sau da yawa a rana da kafin barci. A guji na leɓe mai sanyi-sanyi ko ɗanɗano, yana sa a yi ta lasa. Wanki da wanke-wanke kuma ki sa safar hannu ta roba, garin sabulun wanki ya fi komai cin hannu.

Anti Ungozoma (Jos):

Barka da shan ruwan jego, Maman Khairat, Allah ya raya Khairat. Kumatu masu ja da kaushi a wata huɗu, da goga fuska, sau da yawa farkon egzima ne, wato ciwon fata mai sa bushewa da ƙaiƙayi, sanyi da yawu ke tayar da ita. A fata mai duhu ba lalle ta yi ja sosai ba, takan yi toka-toka ko ta ƙara duhu. Ba a ɗaukarta daga wani zuwa wani, kuma ba nononki ba ne ya jawo. Ki ci gaba da shayarwa, kada a ce iska ta bushe a ba ta ruwa, nono ya ishe ta har wata shida.

Wankan jariri safe da yamma da ruwa mai zafi da soso, kamar yadda aka saba a gidajenmu, ya yi wa wannan fatar yawa. Sau ɗaya a rana ya isa, ko ma bayan kwana bibbiyu, sauran ranakun a goge fuska, wuya, hammata da wurin kunzugu da tsumma mai ɗumi. Ruwan ya zama daidai da ɗumin jiki, wajen digiri 37, wankan minti biyar, a rufe taga, a yi shi da hantsi rana ta ɗan ɗaga. Tana fitowa a dangwala tawul, a shafe ta da farin basilin marar turare. Kumatu da haɓa a ƙara musu sau uku ko huɗu a rana, musamman kafin ta kama nono, don ya shiga tsakanin fata da yawu.

Hoda a ajiye, busarwa take yi kuma jariri na shaƙa. Man zafi mai kafur da ake shafa wa yara a ƙirji saboda mura bai dace da wanda bai kai shekara biyu ba. Man zaitun kuma, duk da albarkarsa da amfaninsa a ci, ban ba da shawarar shafa shi a fatar jariri mai wannan matsalar ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Shefil ta Ingila, aka wallafa a 2013, ya nuna shafa shi kullum na makonni yana raunana rufin fata. Ki kula da turaren jikinki da na mayafinki ma, tunda a nan take kwantar da fuska.

Kada a jibga mata kaya har ta yi gumi, gumi na tayar da ƙaiƙayi. Rigar auduga a ciki, ta sanyi a sama. Ki taɓa bayan wuyanta, in ya jiƙe an yi yawa. Kayanta a ɗauraye sau biyu. In bayan mako ɗaya ba sauyi a kai ta asibiti. In wurin ya fara tsattsafo da ruwa, ko ya yi ɓawo mai ruwan zuma, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso da zazzaɓi, ranar za a je.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Tufafi da zanin gado da suka sha basilin ko kowane irin mai suna kama wuta da sauri ƙwarai, wanki kuma yana rage man ne, ba ya fitar da shi duka. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta faɗaɗa gargaɗinta a kan wannan a 2018 bayan an yi asarar rayuka. Mu da ake jin ɗumi da kaskon garwashi mun fi kusa da haɗarin. Yaro ko tsoho da aka shafe da mai kada ya zauna dab da wuta. Kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashewa cikin barci. Abin da ɗakin kwana ke buƙata danshi ne: a shanya jiƙaƙƙen tawul a kan kujera, a yayyafa ruwa kafin shara.

Maman Khairat (Kano):

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Rezar Inna na karɓe, maigida zai kai ta asibiti. Saura abu ɗaya, Dakta. Alwala fa? Sau biyar ruwa na taɓa hannu da fuska da ƙafa, yana wanke man. In kuma na shafa basilin da yawa sai in ga ruwa na zamewa, hankalina bai kwanta ba. Sannan shan ruwa da yawa yana maganin bushewar?

Dakta Abu Amir (Zariya):

Alwala dama ce a gare ki, Maman Khairat, don sau biyar fata na samun ruwa. Abin da ke cutarwa shi ne a bar ruwan ya bushe a iska, don in zai tafi da na cikin fatar yake tafiya. Ki ajiye ƙaramin gwangwanin mai kusa da buta ko dardumarki. Kina idarwa ki dangwala tawul, ki tsane tsakanin yatsun ƙafa sosai, ki shafa ɗan kaɗan a bayan hannu, gwiwar hannu da dunduniya. Siririn shafin da aka yi bayan wannan alwalar, kafin ta gaba ya shige ya bar maiƙo kawai. Malamai sun bambance tsakanin maiƙon da ya rage a fata da abin da ya yi kauri har ya tare ruwa. Saboda haka shafi mai kauri, irin na dunduniya da safa, ki bar shi sai bayan isha'i, da asuba ki goge abin da ya rage da tsumma kafin ki ɗaura alwala. Ruwan alwala a ɗan sirka shi ya yi ɗumi, kuma ba a buƙatar sabulu.

Shan ruwa: a sanyi ƙishirwa na raguwa, mutane na shan ƙasa da buƙatarsu, musamman mai shayarwa irinki da tsofaffi irin Inna. Ki sha har fitsari ya zama garai-garai. Amma wanda ke shan isasshe, ƙarin kofi goma ba zai rufe faso ba, gyaran daga waje yake.

Sai ki sa ido a kan abubuwan da ke kama da bushewar hunturu amma ba ita ba ce. In ƙaiƙayin dare ya kama mutum biyu ko uku a gida, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu da kugu, wannan ƙazuwa ce. Mai ba ya kashe ta, magani ake shafa wa duk mutanen gidan rana ɗaya, a wanke kayan sawa da na shimfiɗa da ruwan zafi. Zagayayyen tabo mai ɓawo a kan yaro da gashi ke zubewa makero ne, na kai kuma maganin sha yake buƙata na makonni, shafawa kaɗai ba ta kai wa saiwar gashi. Tabo mai haske da ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga mutum bai ji ba, a je a duba kuturta, tana warkewa sarai kuma maganinta kyauta ne. Ƙaiƙayin duk jiki ba tare da ƙurji ba, da ya wuce mako huɗu duk da an gyara wanka da shafa, yana buƙatar gwajin jini: suga, ƙoda, hanta, ƙarancin jini da maƙoƙo duk suna iya jawo shi. In Inna na fama da irin wannan ƙaiƙayin, ku ambata wa likita ranar da za a duba ƙafar, a haɗa da gwajin ƙoda.